Maharbin Walida Ya Daina Walƙiya

"...lafiya ƙalau, in ban da ganinki da ya ɓata min rana," in ji Hambali yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

"Shigo, lah. Tun kana cikin lif na ji turaren aro, na san kai ne."

Walida ba ta ko ɗago ba. Tana zaune gaban tebur a falonsu na unguwar Wangsa Maju a Maleshiya, ta tasa wani ɗan mutum-mutumi a gaba, tsohon maharbi da bai wuce babban yatsa ba. Ta daɗe tana masa fenti saboda gasar da wani shagon wasanni ya shirya a cikin gari, kuma yau kafin magariba za a rufe karɓa. Jiya ta shafa masa wosh, tsinkakken fentin nan mai duhu da ke gangarawa lungu-lungu ya fito da inuwa. Gari na wayewa ta tarar da maharbi yana walƙiya kamar an tsamo shi daga kaskon ƙosai. Shi ya sa ta aiki Hambali, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, ya sayo mata banish, ruwan da ake shafawa a kan fenti, irin mai kashe ƙyalli.

Ya shigo cikin shadda ruwan toka da ta sha bugu, yana tafiya tana ƙara. Ya dire leda a tebur.

"Ga saƙonki. Mace da girmanta, tana wasan 'yar tsana a ƙasar mutane. Zan gaya wa Gwaggo abin da ya kawo ki Maleshiya."

"Gaya mata. Ni kuma in gaya wa Kawu digirin da kake yi a shagon abinci na mamak, ɓangaren roti da shayi."

Ta zaro kwalbar, ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ɗago ta dube shi.

"Hambali. Me na ce ka sayo?"

"Banish."

"Wane iri?"

"Mai kyan. Mai shagon ya nuna min katako biyu, ɗaya yana sheƙi kamar goshin amarya, ɗaya kuma dusu-dusu kamar ƙafar da ba ta san mai ba. Har yana nuna min dusu-dusun wai shi kike saya. Na ce masa a'a, mu a gidanmu ba ma sayen abin da ya mutu."

"Inna lillahi! Na aike ka kashe wuta ka dawo min da fetur!"

"To wai meye laifin ƙyalli? Mutane na kai shadda wajen mabuga don ta yi sheƙi, ke kin samu a ɓagas kina kuka."

"Maharbi ne, ba angon Kano ba! Wa ya taɓa ganin maharbi yana walƙiya a daji? Ai barewa tun daga Zariya za ta hango shi. Alƙalan gasar fitila suke haskawa, in ya yi sheƙi ba su ganin fuska, ba su ganin komai."

Hambali ya sunkuya ya leƙa maharbin, ya tuntsire da dariya.

"Kai! Wannan ko ɗan dambe da ya sha man shanu albarka. Ya aka yi ƙwararriya ta yi wannan aika-aika?"

"Kai ne sila. Wosh sai an girgiza shi sosai, don abin da ke kashe masa ƙyalli a gindin kwalba yake kwanciya. Ina ɗaukar kwalbar ka kira ni kana tambayar ko ana sa madara a miyar kuka. Takaici ya sa na manta, na lafta shi haka nan, har ya taru a lungu."

"To ki fesa masa banish na gwangwanin can."

"A wannan gari mai gumi? Ka dubi hadarin da ya haɗo. In na fesa yanzu fari zai yi fat, kamar wanda ya kwana a injin niƙa."

Ta dubi taga. Shagon fentin yana can wani gefen gari, in aka je aka dawo magariba ta yi. Sai idonta ya faɗa kan tsohuwar kwalbar banish mai kashe ƙyalli da ta ture gefe da safe. Saman ruwa ne tsararo, ƙasan kuma ya daskare kamar tuwon jiya. Ta girgiza ta ɗazu har wuyan hannunta ya sage, ko gezau. Ta dubi kwalbar, ta dubi damatsan Hambali.

Ta buɗe ta a hankali, ta jefa wani ɗan dutsen gilashi na tsohuwar sarƙarta a ciki don ya taimaka wajen motsa daskararren, ta rufe gam, ta yi ajiyar zuciya yadda zai ji.

"Shi ke nan, na haƙura. Da akwai namiji mai ƙarfi a kusa da ya narkar min da wannan. Bari maigida ya dawo."

"Ni kuma fa? Hoto ne?"

"Kai? Hannun da bai taɓa ɗaga abin da ya fi cokali ba? Bar shi, kar ka karye a kira ni asibiti."

"Ni Hambali? Ni da na taɓa ɗaga buhun gero da haƙori a Dawanau?"

"Buhun da ɓera ya riga ya cinye."

Ya fizge kwalbar. Ya fara girgizawa da hannu ɗaya yana murmushi, ya koma hannu biyu, murmushin ya ɓace. Da farko shiru, can sai dutsen ya fara ƙas-ƙas a ciki.

"Kin ji? Ya narke!"

"Wannan ai ƙarar gwiwarka ce. Ci gaba."

"Walida, kafaɗata!"

"Ashe gaskiyata. Kawo, yaron maƙwabta zai ƙarasa."

"Wallahi ba mai taɓa ta!"

Ya cire hula, ya ware ƙafa, ya dinga kaɗa kwalba kamar mai kiɗan ƙwarya da aka yi wa liƙi. Gumi ya keto masa, shaddar nan ta jiƙe ta manne a baya, sheƙin ya bi ruwa. Da ta karɓa, banish ɗin ya haɗe ya zama kamar madara.

Ta ɗiga kaɗan a faranti, ta tsoma ɗan siririn burushi, ta shafa wa maharbin shafa ɗaya marar kauri. Inda ya so taruwa, a ƙarƙashin haɓa da ninkin riga, ta tsane burushin ta ɗebe rarar da shi. Ta ajiye maharbin inda sanyin na'ura ke bugawa. Su biyun suka zuba masa ido, Hambali yana haki, ita tana addu'a a zuci.

Sannu a hankali sheƙin ya dinga janyewa. Tamojin goshi suka fito, ɗinkin jakar fata ya fito, har tabon da ta zana masa a kunci.

Walida ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Zo ka gani, jikan masu sayen ƙyalli!"

Hambali ya matso da fuska dab da tebur. Ya daɗe yana kallo.

"Ke, wannan tsohon hararata yake yi."

"Ya ji abin da ka ce masa ɗazu."

"Amma ki faɗa wa alƙalai ƙarfina ne."

"Zan faɗa. Zan ce ina da injin girgiza, ɗan unguwar Danau Kota, shayi kawai yake sha."

Ya buɗe baki zai rama. Sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa kujera.

"Kin ci ni, 'yar Gwaggo. Sa shi a akwati, ni zan kira mota, ni zan riƙe lema. In ɗigon ruwa ɗaya ya taɓa dattijon nan, ki canza min suna."