Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ke Suma a Tsakiyar Faɗa

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ban taɓa zaton zan yi wa ƙarfe da roba ba, ni kafinta, a madadin kaina da matata da 'yarmu tilo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutar gidanmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da yamma a kan teburin falo, tana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta zo gidanmu da shekarunta. Ƙanin matata ne ya gaji da ita ya ba mu, ni kuma na karɓa don in riƙa duba zanen kujeru da gadaje. Ba ta daɗe a wannan aikin ba 'yata ta yi mata canjin ma'aikata, ta mayar da ita gidan kallon katun ɗin Japan, wanda aka gargaɗe ni in daina kiransa katun in ce anime.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane girman wannan rashi ba, don haka bari in yi bayani. A lokacin 'yata ta shiga shekarun nan da yaro ke tsadar magana. Yaya makaranta? Lafiya. Me ke damunki? Babu komai. Daga nan sai ƙofar ɗaki. Yarinyar da a da sai na roƙe ta ta yi shiru in ji labarai, ta koma kamar 'yar haya a gidan ubanta. Abin yana ci mini rai, ban kuma san ta inda zan ɓullo masa ba.

Wata rana na dawo daga aiki da ƙurar katako a ka, na tarar da ita a gaban Gwaggo. Na tsaya a bayan kujera da niyyar yin tsiya. Sai ga wani yaro mai gashi a tsaitsaye an wurgo shi ta cikin wata kyakkyawar ƙofar katako, ta yi rugu-rugu. Na ce, "Yanzu wa zai gyara wannan ƙofar?" Ban rufe baki ba Gwaggo ta suma. Hoto ya ƙame, yaron na rataye a iska baki buɗe. Da yake babu abin kallo, 'yata ta juyo ta ce, "Baba, ana ƙoƙarin ceton duniya, kai kana ta ƙofa?" Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinta har na manta. Na jawo kujera na zauna.

Wannan suma ita ce ciwon marigayiyar, ita ce kuma babbar baiwarta. Ba ta iya kai kashi ɗaya ƙarshe ba tare da jikinta ya yi zafi ba. Fankarta takan fara da fuuuu, ta koma kirrr-kirrr, sai tsit. Sai a ɗora ta a kan guntayen katako biyu, a ɗauko kwali ana yi mata fifita. A cikin wannan jiran ake zaman kotu, a nan ne kuma 'yata ta samo sunan Lauya, don ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Muna shaida cewa Gwaggo ta nuna mana abubuwa masu kyau. Ta nuna mana zanen da ke sa ka ji sanyin ruwan saman da ba a yi ba. Ta nuna mana yara masu naci, waɗanda ake kayarwa su tashi, a sake kayarwa su sake tashi, har na yi sha'awar a ce masu koyon aiki haka suke. Ko mugu ba a barinsa haka kawai, sai an nuna maka inda rayuwa ta murɗe shi. Akwai wani da na tsana kamar me, ranar da aka nuna yarintarsa sai da na fita tsakar gida na ce ƙurar katako ce ta shiga mini ido. Lauya ta yi mini kara, ba ta ce komai ba sai da aka kwana biyu.

Amma gaskiya ba ta ɓata makoki, akwai inda abin da ta nuna mana ya gaza, kuma ba laifinta ba ne, abin da aka zuba mata take bayarwa. Mutum zai ɗaga hannu zai kai naushi, sai ya tuna kakarsa, sai a tafi ƙauyen kakar a yi mako biyu hannun na sama. Kowa sai ya faɗi sunan dukan da zai yi da ƙarfi kafin ya yi, abokin faɗan kuma ya tsaya cikin ladabi ya jira shi ya gama. Yara duk marayu ne, in kuma da uba to ya fita tun suna goye bai ce ga inda za shi ba, abin da na ɗauka a matsayin cin fuska gare mu iyaye maza. Ana tsakiyar yaƙi sai a kwashi kowa a tafi bakin teku wanka. Wanda aka binne aka yi masa kuka, sai ka gan shi ya dawo da sabuwar riga. Lauya ma tana da nata ƙorafin: a kawo yarinya a ce ta fi kowa ƙarfi, da faɗa ya yi faɗa sai a ajiye ta gefe tana kiran sunan jarumi. Matata kuwa tambayarta ɗaya ce duk lokacin da ta wuce da kwanuka, wai har yanzu wannan faɗan ne na watan jiya? Sau da yawa kuma shi ɗin ne.

Babbar shari'armu ita ce ta aminin jarumin labarin da muke bi, wani mai farin gashi da ba ya dariya. Ni na ce ɗan halak ne, shirunsa na tunani ne. Lauya ta ce in zuba ido, sai ya ci amana. Shekara biyu muna wannan musu a kan fifita, da alkawarin babu wanda zai leƙa gaba a ɓoye. Ta cikin musun nan na ji sunayen ƙawayenta, na ji wanda ya ɓata mata rai a aji, na ji abin da take son karanta, ba tare da na tambaya ba.

Ciwon ajali ya kama Gwaggo ne daidai inda aminin ya zare takobi ya juya ya fuskanci jarumin. Ta yi fuuuu, ta yi kirrr ɗin da ba mu taɓa jin irinsa ba, sai allon ya yi baƙi. Muka yi fifita har hannu ya gaji. Ba ta farfaɗo ba.

Washegari muka kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri, wadda ta kai shekarunta ko kayan gyaranta an daina yi. Na ce masa ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta tafi ba ta gaya mana ko mai farin gashin maci amana ne ba. Ashe shi ma ɗan hannu ne. Idonsa ya kawo haske, ya ce, "Ai wannan, abin da ya faru shi ne..." Na toshe kunnuwana da yatsu ina wani guna-guni kamar ƙaramin yaro. Da na waiwaya sai na ga Lauya tsaye da hannayenta a aljihu, ko gezau.

A hanyar gida, ina rungume da gawar, na ce, "Ke ba ki toshe kunne ba."

Muka tsallaka titi. Sannan ta ce, "Baba, labarin ai daga littafin zane aka ɗauko shi, manga. Na gama karanta shi tun kafin ranar da ka yi maganar ƙofa. Ban karya alkawari ba, na riga alkawarin ne."

"To shekara biyu me kike zaune kina yi a gaban abin da kin san ƙarshensa?"

"So nake in ga fuskarka idan an zo wurin."

Na goge idona da kafaɗa. Na gyara riƙon Gwaggo, muka ƙarasa gida. Ina shaida wa jama'a cewa a wannan titin babu ƙurar katako ko kaɗan.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da batir wanda ya riga ta mutuwa amma bai bar jikinta ba, da guntayen katako biyu, da kwalin fifita. Ta kuma bar uba ɗaya da bai san ƙarshen labari ba, da 'yarsa da za ta tafi jami'a a ƙarshen watan nan, ga sauran labarin da tsawo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Na haɗa mata akwati da ragowar katako mai kyau, na goge shi na shafa mai, duk da matata ta ce ko teburin kicin ɗinta bai samu wannan gatan ba. Daga gida za a ɗauke ta zuwa shagon mai gyara, wanda ya yi alkawarin raba sassanta masu rai ga mabuƙata. Ana roƙonsa da ya karɓi gawa bakinsa a rufe.

Za a karɓi gaisuwa a falo har zuwa azahar. Duk mai zuwa ta'aziyya da ya san abin da mai farin gashi ya aikata, ya yi wa Allah ya ajiye saninsa a bakin ƙofa tare da takalmansa. Bayan azahar kuma muna roƙon afuwa, ba za mu ga kowa ba, daga ranar har ƙarshen wata. Za mu ci gaba daga inda marigayiyar ta tsaya, a 'yar wayar Lauya, wadda lafiyarta ƙalau, ba ta suma. Na nuna damuwa a kan haka, ta ce in kwantar da hankalina, da yatsanta za ta riƙa sumar da ita duk inda ta ga ina da magana. Ni zan kalli wayar. Ita ta ce ni za ta kalla.