Ranar da na daidaita tirelar kafilina

Ko da zan manta shekaruna (dama ban san su daidai ba), ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa surukin kafilina wanka da kayansa a jiki ba. Kuma tun yanzu in gaya muku, har gobe ban yarda laifina ne duka ba.

Ni mai gadi ne a gidan hutun kafilina, wato Balaraben da ya ɗauke ni aiki ya tsaya mini, can arewacin Riyad wajen hanyar filin jirgi. Kafin in zo Saudiyya shekara ashirin na yi ina gini a Maraɗi. Boko aji uku na yi, malamin ya gaji, ni ma na gaji, muka rabu lafiya. Amma ma'aunin magina, wannan mai ƙwayar iska a cikin ruwa, ba a haifi wanda zai koya mini karatunsa ba.

Kafilin yana da wata tirela ta fita sahara. In an naɗe ta sai ka ce akwati, in an buɗe ta tashi ta zama ɗaki, da bangon tanti da katifu biyu. Da sanyi ya wuce ya kawo ta tsakar gida, ya murɗa jak ɗin gaba har hancinta ya ɗaga sama, ya ja tamfol ya ɗaure tam. Ya ce, "Ya Hajji, haka za ka bar ta. Saboda ruwa."

Na ce to. A raina kuwa na ce wane ruwa? A Riyad? Mu da muka ga damina ta tafi da jaki da kayansa, da wannan yayyafin za a tsorata mu?

Kwana uku ina kallonta a karkace tana ci mini rai. Duk wanda ya shigo zai ce wai tsohon magini ke gadin gidan nan. Rana ta huɗu na ɗauko ma'aunina, na sauke jak, na cusa katako nan, na zare can, har ƙwayar iska ta zauna tsakiya daram. Tamfol ma na sassauta masa igiya (abu in ya ɗaure da yawa yagewa yake, wannan ilimi ne). Lokacin kuwa saura sati uku iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kuma sai kafil ya ga dama zai sabunta. Mai hankali da ya zauna lafiya.

Idi direba, mutumin Damagaram, ya tarar da ni ina yaba aikina. Ya ce, "Injiniya, mai abu fa ya ce a bari a karkace."

Na ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka. Shi ya san fetur, ni na san daidai."

Sai aka yi ruwa. Kwana biyu cur. Na leƙa na ga tamfol ya lotsa a tsakiya ya zama tafki, har tattabaru na sha. Na ce rana za ta shanye. Ta shanye na saman kuwa. Wanda ya tsiyaya ciki ban san da zamansa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar kafil ya zo da surukinsa, dattijo cikin farar jallabiya, yana ƙanshin turaren wuta. Shi za a ba aron tirelar. Kafil ya tsaya turus.

"Wa ya sauke ta?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ni. Ko ƙwai ka ɗora ba zai mirgina ba."

Na murɗa rufin ya tashi, dattijo ya sunkuya zai leƙa ƙarƙashi, ni kuma don in nuna ƙwarewa na fizgo gefen da katifa take da ƙarfi. Jama'a, ruwan da ya kwanta cikin naɗin tanti, kore shar, mai warin kwata, ya sauka a kansa gaba ɗaya. Rawaninsa ya manne a fuska. Katifu kuwa sun yi baƙi da funfuna.

Sai Idi, Allah ya isa, ya ce da Hausa, "Injiniya, ku a Maraɗi ba ku sa wa soro indararo ne?" Wannan ta fi ruwan ciwo, don da hannun nan na karkata rufin soro ya fi a ƙirga.

Kafil ya ce, "Me na ce maka?"

"Ka ce saboda ruwa."

"To?"

Na ce, "To ga shi, gaskiyarka. Amma duba da kyau, ba gefen da ya fi wani jiƙa. Daidai ya kwanta."

Na riga na hango kaina a jirgi da jakata. Sai dattijon ya yaye rawani, ya kalle ni, ya fashe da dariya har da tari. Ya ce wa kafil, "Kada ka sallame shi. A ƙasar nan mutumin da ya iya tara ruwa ba a korarsa."

Sati guda na yi a rana ina goge tanti da buroshi, Idi na kawo mini shayi don kawai ya samu wurin dariya. Iƙama dai an sabunta.

Abin da na koya: in mai abu ya aje abinsa a karkace, ka bar masa, wataƙila karkatar ce aikin. Amma a rubuta a aje, aikina daidai yake. Ruwan ne ya rasa hanya.