A Maƙala, a Tafa, a Cire

Jama'a, jiya na sha kunya a gaban 'yar cikina, kuma wallahi ba ni kaɗai ke da laifin ba.

'Yar tawa Nusaiba tana da wani ɗan gem na hannu, na'urar wasan yara, da kawunta ya bar mata, tsohon yayi, irin wanda gilashinsa ba ya haske. Da yamma ta yi sai ta manna shi a hanci, tana ƙanƙance ido har hawaye ya zubo. Abin yana ci mini rai. Na yi mata alkawari in ta ci jarrabawa zan sayo mata 'yar fitilar nan da ake maƙalawa a saman gilashin. Yarinya ta ci. Ni kuwa ba mai girma ba ne balle in ce a jira baɗi, sai na hau babur na nufi Kwanar Dangora.

Mujitaba mai kayan waya ya baje mini iri biyu. "Baba, wannan batir take ci, wannan kuwa caji ake mata. Ina ne garinku?"

Ina faɗa masa ya turo mini mai batir, ko ɗagowa bai yi ba.

Raina ya ɓaci. Garin da aka ƙaddamar wa wuta makon jiya? Da idona na gani. Mai girma Uban Tafiyar Haske, Allah ya ƙara masa faɗin riga, ya zo da jerin motoci da makaɗa, ya yanke ƙyalle a gindin falwaya, ya danna maɓalli, ƙwan lantarki ya kama da rana tsaka. Muka yi ta tafi har hannu ya yi zafi. Na ce wa Mujitaba, "Ba ni mai cajin, mu yanzu 'yan birni ne."

A gida na maƙala ta da kaina. Ta kama fes. Nusaiba ta yi tsalle ta kira ƙawayenta, kafin su gama cire takalmi fitila ta lumshe ta mutu. Na soka a bango, shiru. Na leƙa wajen maƙwabcina Dikko, wanda falwayar ke ƙofar gidansa.

"Malam Dikko, wai yaushe za a sako wutar ne?"

"Wace wuta? Ai janareto ne a bayan katangata, ni na ara musu tabarmar rufe shi. Ba ka ji makaɗa sun ƙara ƙaimi don danne ƙararsa ba? Mai girma na shiga mota suka kwance ƙwansu, wai ana jiransu a Burumburum, gari na huɗu ke nan."

"To bari in kai wa mai cajin waya."

"Shi ma ya gaskata kamarka, ya sayar da injinsa."

Ni dai ba zan zagi kowa ba. Wannan ai tattali ne: ƙwai ɗaya ya haskaka garuruwa huɗu, kuma bai ƙone ba.

Da na dawo na tarar Nusaiba ta cire fitilar. Ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. "Mai girma Baba, mun gode. Ko za ka kai wa 'ya'yan Malam Dikko su ma su tafa?"

Gobe zan koma neman mai batir. Roƙona ɗaya ga mai girma: ya ara mini makaɗan nan, don kada in ji dariyar Mujitaba.