Motar Kajin Ɗan Azumi

"…da mutanen gida? Ina gajiyar kaka? To madalla. Malam Ɗan Azumi, ga bawan nawa na kawo maka. Kada ka shimhiɗa mishi tabarma, bai saba ba."

Ɗelu ke nan mai sayen wake ƙauye-ƙauye, take gabatar da taubashinta Shamsu a ƙofar wani gida da ke bayan garin Sarkin Yamma. Uwarta da uban Shamsu ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna rarrafe ba a taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba, kuma ba wanda yake da ikon yin fushi.

Shamsu gyaran injin ban-ruwa yake yi a bakin tabkin Madarumfa. Abin da ya mallaka a duniya inji ɗaya ne, wanda ya harhaɗa da hannunsa yana ba masu lambu haya. Ga shi nan ɗaure a kan amalanken jaki, an lulluɓe shi da buhu. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa ya san sabuwar mota sai dai ya gan ta a titin Maraɗi, sai ya ɗora ransa a kan tsohuwar akori-kura, ko gawa ce, ya tashe ta a hankali ya riƙa kai kayan lambu birni. Ana nan sai ga Ɗelu da labari, wai ta gano ɗaya, mai ita kuma musaya yake so da inji. In ba a yi ba, ranar kasuwa masu yankan ƙarfe na garin Ɗan Issa za su zo su farfasa ta.

Labari mai daɗi, aibinsa ɗaya: daga bakin Ɗelu ya fito. Matar da bara ta sa shi ya yi wanka, ya zuba babbar riga, ya taka har Safo cin sunan jaririn da ba a ma haifa ba.

Ɗan Azumi ya nuna musu bayan gida, ya ce bari ya ɗebo musu ruwa. Suka zagaya. Ga abu nan a gindin gawo, an shafe shi da koren fenti irin na ƙofar shago, ƙafafun baya babu, an tokare shi da duwatsu. Kabewa ta yaɗo ta hau bayansa. Kaji na shiga suna fita ta taga, ba mai ce musu don me.

Shamsu ya dubi gabas, ya dubi yamma. "To, ina motar?"

"Ga ta gabanka, makaho."

"Ni akurki nike gani."

"Akurki mai moter. Gidanku akwai irinshi?"

"Ɗelu, ki ji tsoron Allah. Jakin mutane na ara, na ɗauko abincina na kawo nan, don in ga inda kaji ke kwana?"

"Su kajin sun san abu mai kyau. Kai ne dai ba ka sani ba."

"Mi tsohon ga ya yi miki alkawari? Buhun wake?"

"Buhu? Ai in don a rabu da kai ne, ko kyauta sai in yi dillanci."

"Na sani! Kun gama shirinku. Shi ya samu inji, ke ki samu wake, ni in koma Madarumhwa da kabewa."

"Kabewar ba ta cikin ciniki. Kada ka sa rai."

Ya yi ƙwafa, ya zagaya abin nan yana ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen tulu. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Ya ɗaga murfin gaba, ɓera ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙafafunsa, Ɗelu ta ce ga ɗan'uwansa nan ya fito tarbarsa. Bai kula ta ba. Ya sa hannu ya murɗa, moter, wato injin motar, ta juya, ba ta ƙame ba. Ya zaro ƙarfen awon mai ya shinshina. Tsufa ne kawai da zama, amma ƙashin lafiya lau yake.

Wani zai ce sai hankalinsa ya kwanta. Ina! Nan ne ma ya fi tashi. Shi a saninsa, duk abin da ya biyo ta hannun Ɗelu ya yi kyau, to akwai rami a gaba, an rufe shi da ganye.

"Ta sata ce."

"Wane ɓarawo ne zai saci wagga? Da kai zai ɗauke ta?"

"To ta taɓa kashe mutum."

"Kai ne za ka zama na hwarko, in ka tashe ta."

"To iskoki gare ta."

"Da akwai. Da suka ji kai ne mai saye, suka kwashe kayansu."

"Ɗelu, dube ni. Tun da nike ba ki taɓa nuna min ko inuwa mai kyau ba. Ke ce kika ba ni barkono kika ce alewa ce. Ke ce kika ce min Gwaggo na kirana, na tarar da kare. Yau kuma rana tsaka ki zama mai son ci gabana? Mi ke ƙarƙashin maganar ga?"

"Tausayi. Na gaji da ganin bawana bisa jaki, mutane na zagina."

"Wa ke bawan wa? Ubana ne namiji. Ke ɗiyar mace ce, ko gado ba ki da shi a gidanmu sai shara."

"Shi ya sa na share ƙauyukka har na samo maka irin kayanka."

"To ki riƙe. Ni na tahi."

Da gaske yake. Ya juya ya nufi amalanke, ya fara jan igiyar da ta ɗaure injin yana ƙara tamke ta. Inji ɗaya gare shi, in ya bayar aka yi masa dariya, ba Safo ba ce da zai karkaɗe riga ya dawo. A nan ne Ɗelu ta ga wasan na neman ɓaci. Ta dubi motar, ta dubi ƙeyarsa. Sai ga Ɗan Azumi da kwanon ruwa.

"Af, har an hwasa?"

"Bar shi, Malam. Kunya ya ji. Wai shi mekanisiye, amma ko ƙohwar mota ya kasa buɗewa."

"Wace ƙohwa na kasa?"

"Waccan ta gehen mai zaman banza. Na ga kana kewaye ta kamar mai bin bashin suruki."

Ɗan Azumi ya yi dariya. "A'a, wannan kam kada ki ga laihinshi. Hannu nawa motar ga ta bi kahin ta zo gare ni, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Ni har maƙeri na kira. Tsatsa ta cinye ta."

"Ka ji ko? Maƙeri ya kasa, balle mai wasa da ruwan tabki. Tahi abinka, Shamsu. Zan gaya ma mutanen Madarumhwa ƙohwar akurki ta kore ka."

Wannan ita ce ba zai iya haɗiyewa ba. Ya saki igiya ya dawo a fusace. Ya kama mariƙin ƙofar ya ja, ko motsi. Ya sake ja, Ɗelu ta rangaɗa guɗa. Haushi ya rufe masa ido, bai san lokacin da hannunsa ya ɗaga mariƙin sama ba, kafaɗarsa ta danna ciki, gwiwarsa ta daki ƙasan ƙofar.

Ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Wata kaza ta tashi fir ta bi ta kan hularsa.

Shamsu ya tsaya da mariƙi a hannu. Ba wanda ya koya masa wannan a garaji. A ƙofar gidansu ya koya, yana ɗan yaro, kullum da safe in ubansa zai fita lodi zuwa Maraɗi: ɗaga, danna, ka dake ta da gwiwa. Ya dubi bakin ƙofar ta ciki, inda koren fentin bai kai ba. Shuɗi ne, irin shuɗin nan. Motar ubansa ce, wadda aka sayar shekarar fari don gida ya ci abinci. Uban bai ƙara riƙe wata mota ba har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa yarda a yi zancenta a gabansa ba. Zuciyar Shamsu ta karye, idonsa ya kawo ruwa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ɗan Azumi ba yaro ba ne. Ya ajiye kwanon ruwa a hankali, ya ƙanƙance ido.

"Samari, ka san motar ga ne?"

Kafin Shamsu ya buɗe baki ya kashe kansa, Ɗelu ta faɗa tsakaninsu.

"Wanga? Ina ya san mota? Sata ce ta yi mishi yawa, Malam. Tun shina ƙarami ba rumbun da bai buɗe ba a unguwarmu. Ƙohwa ɗaya ce ta gagare shi, ta masallaci da asuba."

"To mi ya sa idonshi ke ruwa?"

"Kashin kajinka mana! Shekara da shekaru shina dahuwa a ciki, ka bari ya buɗe ba ka ce ya kauce ba. Ka makantar min da bawa. Wa zai yi min dakon wake?"

"Ni dai na ga kamar…"

"Ka ga mi? Dubi ciki, don Allah. Kujera ta zama ta kaji, bolan na tuƙi ya tsage, madubi babu. Ni na yi zaton mota ce na ɗauko yaron mutane da injinshi sabo ful. Shamsu, kwance jakinka mu tahi. Masu yankan ƙarhe su zo su auna ta a kilo, mu ga ko za su ba shi abin da zai shayar da albasa."

Shamsu ya gane. Ya sunkuyar da kai yana murza ido, ya yi kamar zai tafi, ƙafafunsa kuwa sun ƙi ɗaguwa. Ɗelu ta taka masa yatsa da ƙarfi har ya motsa.

Ɗan Azumi ya dubi amalanke. Ya riga ya ga injin nan yana aiki a bakin tabki, ya ga yadda yake feso ruwa, kuma rijiyar lambunsa ta gaji da guga.

"Tsaya mana, Ɗelu. Ke ba a yi miki magana biyu?"

"Sai ka haɗa da ƙahwahun baya da na gani jingine a zaurenka."

"Waɗannan na ajiye ma amalanke."

"Kuɗin maganin ido ne."

Tsohon ya ja gemu, ya sake duban Shamsu, ya sake duban buhun da ya rufe inji. Zargin bai bar fuskarsa ba, amma kwaɗayin ruwa ya fi shi ƙarfi. Ya miƙa hannu.

"Na sallama. Allah shi sa albarka."

"Amin," in ji Shamsu, da muryar da ba tasa ba.

Da Ɗan Azumi ya shige zaure ɗauko ƙafafun, Shamsu ya jingina da motar. Ya dubi Ɗelu.

"Tun yaushe kika sani?"

Ɗelu ta ɗaga leɓe ta nuna masa giɓin da ke gaban bakinta. "Wa ya ruhe ƙohwar ga a kan bakina ranar da Kawu zai kai mu Sallah Maraɗi?"

"Ke kika sa kai."

"Kai ka tura. Na bar haƙori a jikinta, ka ce ba zan gane ta ba don an shahwa mata kore? Ran da na zo awon wake na jingina da ita, jikina ya ba ni. Da tsohon ya shiga gida na ɗaga, na danna, na daka. Ta buɗe. Na maida ta na ruhe, na zauna nan na yi kukana na gama, na share ido na ci gaba da awo."

"Mi ya hana ki hwaɗa min?"

"Da ka yarda?"

Ya yi tunani, ya tuna Safo. "A'a."

"To. In ma ka yarda, da tun daga Madarumhwa za ka taho kana hawaye. Tsohon ga ya karɓe inji, ya haɗa da jakin aro, ya ce ka tuɓe riga."

Shamsu ya yi dariya, hawaye na bin dariyar. Ya leƙa cikin motar, ya ga ƙwai a kan kujera inda kazar nan ta tashi. Ya cire hularsa ya tsince su a ciki, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ungo la'adarki. Kin ci ni, Ɗelu. Ran da ta tashi, kujerar ga taki ce, ba mai zama sai ke."

"Kyautar mi? Dama tawa ce. Kawu nan yake sa ni, kai kana baya da awaki."

"Na ji. Shiga, uwargijiyata."

Ya karkaɗe mata kujerar da gefen rigarsa, ya riƙe ƙofa. Ɗelu ta tattara zane ta shiga ta hakimce, ƙwai a cinya, mota a kan duwatsu, kabewa na lilo a bayanta.

"Ja mu tahi, shofer," ta ce. "Amma ruhe a hankali. Sauran haƙoran ina son abina."