Ranar da Uwaisu Ya Sauko Mini da Waƙa

A kan kuɓewa muka yi faɗa da jikana Uwaisu. Ya dawo daga Bacirawa, can cikin birni, da wani dogon abu mai haƙora farare da baƙaƙe, wai fiyano, wai da shi yake koya wa yara kiɗa. Ni kuwa na ga abu shimfiɗe a tsakar gida ba ya aikin komai, na yanka kuɓewata na baza a kai. Yaron nan ya yi ta tsalle kamar ya taka garwashi. Na ce abin da ba ya jan garma, ba ya ba da nono, ai sai shanya. Ya kwashe kayansa, ya daina cin tuwona har aka gama girbi.

Sai ga bikin ƙanwarsa Huseina ya taso, a shekarun nan da kwanon gero ya fi ƙarfin mutum. Ubansu ya ce ko maganar makaɗa kada a yi masa. Matan da muke kiɗan ƙwarya tare, wasu ƙasa ta rufe, wasu ƙafa ta ƙi. Ni kuma na riga na cika baki gaban dangin ango na Tsanyawa cewa da waƙa za a kai jikata, ba shiru kamar akuyar sata ba. Dole na aika a kira Uwaisu. Ya same ni da hantsi ina ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, abin nasa a hammata.

"Lafiya lau, tsohuwar matata. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

"Sauran ya fi naka, ragon miji. Ya gajiyar zaman banza?"

"Ni da na sake ki tun ranar kuɓewa?"

"Wa ya shaida? Zauna. Waƙa zan yi wa Huseina, kai kuma ka danna mini haƙoran abokinka."

"Ya dai fi ki haƙora, Hure. Kuma ba na yi wa kowa kiɗa sai ya shiga aji. Miƙo hannu."

"Ni za ka koya wa waƙa? Ina waƙa uwarka ba ta iya ɗaura zane ba!"

"To a kai Huseina shiru."

Na miƙa hannun. Ya kama yatsana yana dannawa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan tsani ne. Do, re, mi, haka za ki yi ta hawa. In kin kai ƙarshe, sai ki tarar da do ɗin da kika baro, ya dawo da siririyar murya."

"In inda na taso zan dawo, me ya fitar da ni? Kai ke nan, ka je birni ka komo gidan ubanka ba ko ɗan tsako."

"Na komo da ilimi. Yanzu danna uku tare. Wannan, tsallake ɗaya, wannan, tsallake ɗaya, wannan. Mu kod muke ce masa."

"Laifin me na tsakanin suka yi ake tsallake su?"

Ya danna biyu da ke manne da juna. Kai ka ce kyanwoyi ke faɗa a bayan rumbu.

"Na gane," na ce. "Ni da maƙwabciyarmu Kaltume ke nan da kajinta. Sai da katanga a tsakani."

"Kin ga kin fara hankali da tsufa. Wannan ukun na murna ne. In na sauke na tsakiya kaɗan, ji, ya zama na kuka."

"Mayar da shi inda ka ɗauko! Na kuka kasuwar Ɗanbatta tana kaɗa mana shi kowane mako."

Ya yi dariya, ya fara kiɗa, ya ce in shiga. Na gyara murya na ɗauko waƙar da na haɗa wa yarinyar. Farkon lafiya lau. Da aka zo inda zan ɗaga sunan Huseina sama, sai murya ta tsinke mini kamar ruɓaɓɓiyar igiyar guga. Kajin Kaltume suka watse.

"Ƙara hawa, amarya! Saura taki kaɗan!"

Na sake. Ta sake tsinkewa, har da tari. Muryar da a da ake jiyowa daga gonarmu har bakin rafi. Na jawo kwandon gyaɗata, ban kalle shi ba.

"Ɗauki kayanka. Mutanen Tsanyawa su yi dariyarsu."

Sai na ga ya ja hannuwansa hagu, ya tayar da kiɗan nan dai, amma da kauri, kamar daga cikin randa.

"Sake gwadawa, Hure."

Na shiga a hankali, ina jiran wurin tsinkewa. Na kira Huseina, sunan ya fita sumul har ƙarshe. Kaltume ta leƙo ta katanga ta rangaɗa guɗa.

"Kai, me ka yi wa abin nan?"

"Gida na sauya wa waƙar. Kowace waƙa tana da gidan da take tashi ta komo. Na ɗauke do ɗinki daga can sama na dawo da shi nan ƙasa. Waƙa tana nan yadda take, ita ce ta sauko ta same ki."

"Tun ɗazu ka san da gidan ƙasa, ka bar ni ina hawan kan rumbu?"

"Ramuwar kuɓewa ce."

Na watsa masa ɓawon gyaɗa, na rarumi muciya. Ya kare kai da hannu yana dariya har da faɗuwa daga tabarma.

"Na tuba! Na sallama! Na mayar da aure, kowa ya shaida!"

Na shiga ɗaki na fito masa da tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da miya irin wannan har ya manta.

Na ce, "Ci da kyau, maigida, a kan fiyanonka ta bushe. Ranar biki kuma ka zauna a ƙasa inda muryata take. In ka kuskura ka hau sama gaban mutanen Tsanyawa, wallahi daddawa zan shanya a kansa."