Gawona da Surukan Kwamiti

Jiya na rasa itacen gawo guda cur ina zaune a kan tabarma. Ku tsaya in ba ku labari, masu karatu, tun haushin yana da zafi.

Gawon nan yana kan iyakar gonata da ta maƙwabcina Mutari, a ƙauyenmu da ke hanyar Tamaske. In rani ya tsananta, 'ya'yansa ne abincin awakina bakwai. Mutari ya ce saiwar tana gefensa, ni na ce inuwa da 'ya'ya duk wajena suke zuba. Da muka gaji da hararar juna, muka amince mu kai maganar gaban kwamitin sulhu, abin da mai sulhu ya yanke mu karɓa. Har yatsa muka dangwala a takarda.

Ranar farko mai sulhun, Mai Girma Sarkin Adalci, ya iso a kan moto, da jaka da tabarau. Aka ba shi kujera. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ni ban san kowa ba. Ko uwata ta zo, dosiye, takardun ƙara, nika duba."

Sai ga Mutari ya ɓullo. Wallahi ban ga lokacin da Mai Girma ya bar kujerar ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Baba, an tashi lahiya?"

Ashe 'yar Mutari yake aure! Haka aka yi zaman, mai sulhu a ƙasa, abokin rigimata a kan kujerar mai sulhu. Duk abin da Mutari ya faɗa sai ya ce, "Haka na, Baba," ya rubuta. Ni kuwa in na buɗe baki sai ya duba agogo. Ko sunan Mutari ya kasa rubutawa don kunya. A takarda "Dattijo" ya sa masa, ni kuma "wancan".

Na girmama shi da Faransanci na ce, "Mushe, wanga ai surukinka na."

Ya ce, "Wurin aiki ba ni da suruki." Yana durƙushe fa.

Washegari na hau kabu-kabu har biro, wato ofishin kwamitin, na yi wa manya wa'azi mai ratsa jiki. Na ce mai sulhu in yana da nasa a cikin rigima, ya fito ya faɗa, ya koma gefe. Wani Ranka-ya-daɗe mai tumbi ya ce a Adar in aka cire surukai da taubasai, sai dai a kira jaki ya raba gardama, amma za a turo wani.

Jiya aka turo shi. Kun san wa? Bashir, mijin 'yata Zahra.

Nan take wa'azi ya gudu daga bakina. Matata Delu ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ba kai ka ce a hwaɗi ba?"

Na ce, "Delu, wa ya tambaye ki? Tahi ki dama hura, ki sa nono da yawa."

Na zura babbar riga, na zauna ina yi wa Mutari murmushin tausayi.

Bashir ya gaishe ni da ladabi. Sannan, ba wanda ya tambaye shi, ya miƙe ya ce wa jama'a, "Ku sani wanga uban matata na. In Mutari bai yarda da ni ba, in koma." Na yi tari. Na ƙara yin tari. Mutari, don tsabar mamaki, ya ce ya yarda.

Bashir ya ƙi taɓa furata, wai sai an gama. Ya kira tsofaffi, aka tono duwatsun iyaka, aka ja igiya. Igiyar nan marar mutunci ta bar gawo taku uku cikin gonar Mutari. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce, "Yi haƙuri, Baba, gaskiya ta." Sannan ya ɗaga ƙwarya ya shanye furar tas.

Jama'a suka yi ta sa masa albarka, suna taya ni murnar samun suruki. Delu har da guɗa. Ni dai zuciyata ta yi baƙi, don awaki ba sa ƙoshi da albarka.

Ba na jayayya, masu karatu, adalci abu ne mai kyau. Rabon ne bai yi mini ba. Duk faɗin Madawa da Buza da Keita mai sulhu guda ne tak ba ya kallon fuskar suruki, kuma ni da hannuna na ba shi 'yata.