Yadda Za Ka Ɓoye wa Kamfani Cewa Ka Daina Shan Sigari

Kamfaninku ya ɗauko nas don ta raba ma'aikata da sigari? Duk Laraba awa guda a ɗakin taro, ga sanyin na'ura, ga kujera mai laushi, ga cingam kyauta, alhali sauran jama'a suna sito suna jidar kwalaye? To, ka kiyayi warkewa! Ranar da aka gane ka daina, tafi za a yi maka, a mayar da kai bakin aiki. Ni tsautsayi ya sa na daina tun sati na biyu, amma sai da na ci kujerar nan wata biyar. Bi matakan nan, ba mai tayar da kai.

1. Riƙe tarinka. Butulu ne, sati uku zai gudu ya bar ka. Ka riƙa ƙirƙiro shi daga ƙirji, ba daga maƙogwaro ba. Nas ta san bambanci.

2. Hawa bene. Za ka ji ƙafafunka suna son haɗa matakala bibbiyu. Kul! Tsaya a tsakiya, dafa bango, ka ce "wash!" yadda za a ji a ofishin manaja.

3. Nemi wari. Kowane kamfani yana da direban da ya rantse shi da sigari sai kabari. Ari hularsa ranar Laraba. Kar ka shaƙa, kai dai saka.

4. Ci a ɓoye. Abinci zai dawo da daɗinsa, kumatu kuwa ba su da sirri. In nas ta ce, "Malam, ka yi kyau fa," sunkuyar da kai ka ce, "Kumburi ne, Sista."

5. Kar ka gaya wa matarka inda ofishin manaja yake. Nan ni na faɗi. Ina zaune ranar Laraba, ido a lumshe, sai ga manaja ya shigo, tawa tana biye da shi, fuska fal murna.

"Ranka ya daɗe, godiya na zo yi," in ji ta. "Wata biyar ke nan Baban yara bai taɓa sigari ba. Yanzu har autarmu tana yarda ta yi barci a ƙirjinsa."

Manaja ya ce, "Wata nawa kika ce?"

Na saki tari mai kyau, wallahi irinsa ban taɓa yi ba. Ba wanda ya waiwayo. Nas har da ƙwalla, aka yi ta tafi, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni.

A kula: in asirinka ya tonu, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kuma kar ka ce za ka koma sigarin don a mayar da kai ɗakin taro. Na gwada a bayan sito. Zuƙa ɗaya na yi, na tuna wadda za ta kwanta a ƙirjina da yamma, na take karan na koma ɗaukar kwalaye.